Kakarku Tana Ɗakin Ƙurya, Ku Kuna Ina?

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Ranar da tsohuwa ta rasu, tun ba a kai ta makwancinta ba an cika Facebook da hotonta, kowa yana rubuta cewa bango ya faɗi. Amma ka tambayi mai rubutun yaushe rabonsa da ya zauna a ɗakinta har ya sha furar da ta dama, sai ya kama sosa ƙeya.

Tawa kakar, Iya muke ce mata, Allah Ya jiƙanta, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta a wani ƙauye na ƙasar Kano. Wanda bai taɓa ganin aikin ba yana zaton wasa ne. Kafin kiran assalatu ta hura wuta. Ta soya gyaɗa a kasko, ta murje, ta sheƙe a faifai, a kai niƙa. Sannan a zo wajen mai wuyar: a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ana juyawa da taɓarya har man ya taso. Ruwan ya yi yawa, an yi asara. Ya yi kaɗan, man ya ƙi fita. Ita da ido take ganewa. Ta kwashe man, ta murza tunkuzar, ta koma bakin murhu tana suya har rana ta take. Tafin hannunta duk kanta ne, tana ɗaukar garwashi da yatsu ta mayar cikin murhu ba ta ko yarfe hannu.

Da wannan turmin ta tsallake farin 1973, lokacin da rumbuna suka ƙone. Da cuta ta afka wa gyaɗa a 1975, ba ta zauna tana tagumi ba, sai ta koma daddawa da koko har abin ya lafa. Da aka buɗe makarantun firamare kyauta a 1976, mutanen gari da yawa suna ɓoye 'ya'yansu, ita ce ta ɗinka wa jikokinta kayan makaranta, kuma kuɗin Laraba na malamin allo bai taɓa tsallake mako ba. Kwalla da tasoshin da aka jera wa 'ya'yanta mata duk daga adashi suka fito. Ba ta san biro ba, amma ba wanda ya isa ya cuce ta kwabo. Har ta koma ga Allah da fam take lissafi, naira goma a wurinta fam biyar ce, ko da yake tun 1973 aka canza kuɗin.

Kada ku ɗauka ina yi wa wahala kirari. Hayaƙin murhu ne ya cinye mata ido, bayanta kuma ya ranƙwafa tun ba ta tsufa can ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne saurayin da aka raina da kuɗin ƙuli, ya girma yana jin kunyar a ce kakarsa mai ƙuli ce. Ko budurwar da ke ganin sana'ar hannu faɗuwar aji ce, alhali katin waya ma sai ta roƙa.

To, kai da taka kakar ke raye, me kake jira? Tura kuɗi ta waya yana da kyau, amma zumunci a ƙafa yake. Ka je ka duba ko tana shan maganin hawan jininta. In ta ce tana ganin hazo-hazo, kada ka ce ai tsufa ne. Sau da yawa yanar ido ce, kuma ana yin aikinta a asibiti mutum ya koma gani. Ka bar ta ta tsokane ka da “maigidana, ina cefane?”, ke kuma ta kira ki kishiya, ku rama mata, wannan wasan yana ƙara mata kwana a zuci. Ka tambaye ta asalin gidanku, wa ya haifi wa, daga ina aka taso, ka naɗi muryarta a wayar nan da kake yini kana latsawa. In ta maimaita labari sau uku, ka saurara sau uku. Manzon Allah (SAW) ya ce ba ya cikinmu wanda bai tausaya wa ƙaraminmu ba, bai kuma san girman babbanmu ba.

Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, shi ma da sauran aiki a gabansa. Ka bincika ko ta bar bashi, ko na adashi ne, a biya. Ka sa ta cikin addu'arka bayan kowace salla. In da hali, a yi mata sadaka mai gudana, ko rijiya ko bishiya. Sannan ƙawayenta. A Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa mafificiyar biyayya ita ce mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa, kuma shi kansa ya taɓa ba wani baƙauye jakinsa da rawaninsa don kawai uban mutumin aminin Umar ne. Kowace tsohuwa tana da aminiyar da suka yi surfe tare. Ka tambayi mahaifiyarka wace ce, kuma wace unguwa take yanzu. Ranar Juma'a in an sauko, ka sayi goro da sabulu ka kai mata, ka faɗa mata jikan wance ne.