Wa ya naɗa ku alƙalai?

Ranar Talata da la'asar ina cikin Keke Napep a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina sai muka tarar hanya ta cushe. Na ɗauka haɗari aka yi. Da na sauka na kutsa, sai ga yaro kwance a bakin kwalta, ba zai wuce shekara ashirin ba, rigarsa ta yage, jini na zuba daga bayan kunnensa, samari sun yi masa zobe. Wani da gora, wani da bel, wani ya cire takalminsa yana kwaɗa masa a fuska. Yaron sai ɗaga hannu yake yana cewa "Don Allah ku tsaya ku ji," babu mai saurare.

Na ja wani daga cikin masu dukan gefe na ce, "Ƙanena, me ya yi?" Ya ce waya ya fizge. Na tambayi na kusa da shi, ya ce babur ya so ya ɗauke. Na ukun ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Yaya, ai infoma ne," wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Mutum uku, laifi uku, kuma kowannensu ya riga ya sa hannu. Na ce to ina mai kayan? Aka dubi juna. Wanda ya fara kwarma ihun "ɓarawo" ko ƙurarsa ba a gani ba.

'Yan uwana matasa, wa ya naɗa ku alƙalai? Alƙalin gaske shekaru yake yi yana karatu kafin a ba shi kujera, kuma duk da haka ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowane ɓangare, ga kotun ɗaukaka ƙara a samansa ko da ya yi kuskure. Ku kuwa cikin minti biyar kun karɓi ƙara, kun zama shaidu, kun yanke, kun zartar. In kun yi kuskure wace kotu ce za ta ta da gawa?

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ware babi na huɗu kacokan don haƙƙin ɗan ƙasa. Sashe na 33 ya ce ba a raba mutum da ransa sai da hukuncin kotu. Na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin a kansa. Doka ta yarda kai farar hula ka riƙe wanda ka gani yana aikata laifi, amma ka miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakarka ke nan. Daga mari ɗaya kai ma ka zama abin tuhuma, in kuwa ya mutu a hannunku sunan abin kisan kai, kuma "ai muna da yawa" ba ta taɓa wanke kowa a gaban kotu ba. A 2012 mutanen Aluu a jihar Ribas suka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bisa zargin sata. Bidiyon da aka ɗauka ana murna shi ya zama hujja, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa.

Wani zai ce wannan dokar boko ce. To mu koma ga tamu. Jiharmu na cikin waɗanda suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma tun muna makarantar allo muke jin cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Kafin a zartar da haddin sata sai kayan sun kai nisabi, sai an tabbatar daga ma'ajiya aka ɗauke su, sai shaidu adalai biyu ko iƙirari, kuma da shubuha ta shigo haddi ya faɗi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Ko ɓarawon da aka tabbatar, ba rai shari'a ta ce a ɗauka ba. Suratul Hujurati ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cuci wasu cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A ina kuka ga ayar da ta ce in an yi ihu a kawo taya da fetur? Abin haushi, wasu masu dukan nan ko alwala ba su iya ba, idanu jawur, ƙwaya ce ke tafiya da su, amma su ne da kabbara a kan jinin ɗan mutane.

Su kuma masu ɗaga waya sama, ban san me zan ce da ku ba. Na ga wani ya ture dattijo don ya samu hoto mai kyau da zai ɗora a TikTok. Mutum na numfashi sama-sama kai kana neman mabiya. Haba!

Na san abin da ke cin ranku, ni ma an taɓa fizge mini waya. Kuna cewa in an kai shi ofis gobe za ka gan shi a majalisa yana shan shayi. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai ɓatagari cikin masu kaki, babu mai musun wannan. Amma beli haƙƙi ne, ba wanke laifi ba ne, kuma sashe na 35 ya hana a ajiye mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a gabatar da shi a kotu ba. Sau nawa mai kaya ke karɓar wayarsa ya ce "na bar shi da Allah," ya ƙi taka ƙafa kotu? Sau nawa maƙwabta ke cewa ba ruwanmu da shaida? Alƙali ba ya ɗaure mutum da jita-jita. Mu ne muke gudun shaida, sannan mu dawo mu zagi hukuma. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ga kuma waɗanda suka karɓi taliya da 'yan kuɗi ranar zaɓe, yau su ne kan gaba wajen cewa gwamnati ba ta aiki, sai su huce a kan yaron da ba shi da kowa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku tuna Uromi a jihar Edo. A watan Maris na 2025, cikin azumi, aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Nan Katsina babu majalisar da ba a yi Allah wadai ba, kowa yana cewa me ya sa ba a kai su kotu ba. Daidai ne. To mene ne bambancin waccan gora da taku? Ƙannenmu nawa ke Legas da Abuja suna acaba da yankan farce, waɗanda ihu ɗaya ya isa ya gama da su? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kalmar nan "infoma" ma ta zama makami, duk mai jin haushin wani a kan bashi ko budurwa ya san da ita zai jefe shi. Wanda ya yi jifa a kasuwa bai san kan wa zai faɗa ba.

A da ba haka garin nan yake ba. In an kama yaro da kayan wani, gidan mai unguwa ake nufa da shi, a aika a kira ubansa, in abin ya girma a wuce gaba. Dattijo ɗaya ya ɗaga hannu ya ce "ku bari," magana ta ƙare. Kunyar a ce ɗan gidan wane ne ta fi bulala ciwo. Ran Talatar nan wani tsoho mai sayar da goro ya shiga tsakani yana cewa "ku ji tsoron Allah, 'ya'yana," wani yaro sa'ar jikansa ya daka masa tsawa ya ce, "Baba, matsa, ko tare kuke?" Tsohon ya ja baya, farantinsa ya kife, goro ya watse a ƙasa ana takawa.

Motar 'yan sanda ce ta zo ta janye yaron daga ƙarshe, samarin suka fashe kamar ba su ba. Na tsaya na taya tsohon tsince goronsa. Silifas ɗaya na yaron na nan a bakin kwalbati, har na hau wani Keken babu wanda ya ɗauke shi.