Rumbun da Kwamfutata Ta Ƙi Yi Wa Sannu da Zuwa

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce, kuma duk wanda ya san bikin Kano ya san cewa daga kamu zuwa buɗar kai, amarya guda tana iya cinye hoto dubu ba tare da ta gamsu da ko ɗaya ba. Ni kuwa ba na goge hoto, domin na sha ganin uwar amarya ta dawo bayan shekara uku tana neman wanda ɗaurin ɗankwalinta ya zauna daidai. Da haka rumbun ajiyar kwamfutata mai gigabayit 500 ya cika maƙil, har layin da ke nuna cikarsa ya rine ja, na yanke shawarar ƙaro na biyu.

Na sayo sabo fil mai terabayit 1 a wani shago. Mai shagon ya ce in kawo kwamfutar ya saka mini a kan ɗan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba, ni kuma na dube shi na ce mutumin da ya shekara 12 yana harhaɗa kyamara da fitilu ba zai biya kuɗi a ɗaura masa noti huɗu ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa wanda zai tsallaka kogi da damina.

Bayan la'asar na kwance murfin akwatin, na hure ƙurar hunturu biyu da ta taru a kan fanka har na yi atishawa, na zaunar da sabon rumbun a gurbinsa, na ɗaure shi tamau. Na ɗauki siririyar wayar SATA da aka ba ni, na soka baki ɗaya a jikin rumbun, ɗayan kuma a babban allon kwamfutar, sannan na kira uwargida ta zo ta shaida. Kwamfuta ta tashi lafiya, na buɗe inda ake ganin rumbuna, sai ga C, wato harafin tsohon rumbun, shi kaɗai da jan layinsa, kamar ba a yi baƙo a gidan ba. Uwargida ta tambaya ko abin da aka kira ta ta gani ke nan, ta koma kan tukunyarta.

Na kashe na kunna har sau uku, na sauya wa wayar rami, na kuma ɗan bubbuga akwatin kamar yadda muke yi wa tsohuwar rediyo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na tayar da janareto domin zuciyata ba za ta iya jira ba. Da na kira mai shagon ina shirin faɗa, sai ya tambaye ni cikin sanyin murya ko na duba a BIOS. Na ce masa tun ɗazu na duba, na kashe waya, sannan na zauna ina tunanin ko mene ne wannan abu. Daga baya na gano cewa wani shafi ne da kwamfuta ke lissafa kayan cikinta tun kafin Windows ya farka, kuma ana shigarsa ne ta danna F2 ko Del a cikin ɗan ƙiftawar ido bayan an kunna. Sau huɗu ina makara, sai a na biyar na riƙa dukan maɓallin kamar mai kiɗan kalangu, ƙofa ta buɗe. A jerin da na gani tsohon rumbuna ne kawai, wannan kuwa ya tabbatar mini cewa an sayar mini da mushe.

Washegari na naɗe shi a leda na hau adaidaita sahu, ina bitar kalaman da zan faɗa. Mai shagon bai yi musu ba. Ya jona shi a tasa kwamfutar, ya ce in ɗora yatsa, na ji yana kaɗawa a hankali kamar mage mai barci. Sai ya ce, "Alhaji, wayoyi nawa ka saka masa?" Na ce ɗaya, ai ita kaɗai ka ba ni. Ya juya rumbun ya nuna mini baki biyu a jere, ƙarami mai haƙora 7 na wucewar bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 na shan wuta, ya ce wayar wutar tana nan cikin akwatina tana fitowa daga tukunyar lantarki. Wato na sauke baƙo, na nuna masa hanyar zaure, amma ban ba shi ko ruwa ba. Da na koma gida na same ta kuwa a ƙudundune a lungu, an ɗaure ta da roba tun daga masana'anta, kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Na jona, na ji ƙugi, na shiga BIOS wanda yanzu na zama gwaninsa, ga sunan sabon rumbu ɓaro-ɓaro. Wannan karon ban kira uwargida ba, kuma na gode wa Allah da hakan, domin da Windows ya buɗe, C ne dai shi kaɗai yake kallona.

A wannan hali ɗan yayana, wanda bai gama sakandare ba, ya shigo gaisuwa ya tarar da ni na yi tagumi. Ya saurari labarin har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "Baffa, ka raɗa masa suna?" Na ɗauka raini ne, amma ya ja kujera ya danna tambarin Windows da hannun dama na linzami, ya buɗe wani wuri mai suna Disk Management, sai ga rumbuna kwance da baƙin layi a kansa. Ya bayyana mini cewa sabon rumbu kamar fili ne da ba a yanka ba, Windows yana sane da shi amma ba zai nuna shi ba sai an tsara shi, an yi masa fomat, an ba shi harafi. Kwamfutar ta nemi a zaɓa tsakanin MBR da GPT, ya ce na farkon tsohon tsari ne da ba ya wuce terabayit 2, ya zaɓi na biyun. Da na ji kalmar fomat sai na cafke hannunsa, domin na san tana share komai, kuma bukukuwan mutane na shekaru suna ɗaya rumbun. Sai da ya nuna mini girman kowanne sau uku kafin na sake shi, ina karanto addu'a. Ya zaɓi NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, ya ba rumbun harafin E, tun da abin saka faifan DVD ya riga ya mallake D. A da B kuwa, in ji shi, an keɓe su ne tun zamanin ƙananan faifan fulofi, waɗanda ni na yi aiki da su shi kuma bai taɓa riƙewa ba, amma shi ne yake koya mini.

Rumbu ya bayyana da shuɗin layi, sai dai an rubuta gigabayit 931. Nan take na miƙe ina laluben hulata, na ce yau sai mai shagon nan ya fito mini da 69 ɗin da ya rage. Yaron ya riƙe mini riga, ya ce masu ƙera rumbu da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024, hatsin ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. Na ce ko a kasuwar Dawanau wanda ya sayar da ƙaramin mudu ana kai ƙararsa, amma na mayar da hular.

Uwargida, wadda ashe tana jin komai daga tsakar gida, ta leƙo ta ce tun da an raɗa suna, sai a faɗa mata wanda zai yanka rago. Yaron ya dubi ƙasa yana murmushi. Da magariba na aika aka sayo tsire, kuma da na haɗa kuɗinsa da na fetur da na adaidaita sahu zuwa da dawowa, sai na ga ya ninka abin da mai shagon ya nema sau huɗu, har da canji.