Samarin Katsina, Ku Tausaya Wa Huhunku

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa.

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da gigin tsufa ya kama ya san zafin abin. Dattijo ya tashi daga cin tuwo ya ce ba a ba shi abinci ba, uwa ta dubi ɗan cikinta ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Mukan ce ai tsufa ne. To amma ba kowane tsoho ke ruɗewa ba, kuma likitoci sun gano cewa lafiyar huhu na da hannu a ciki.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Huhu ne ke ɗebo iskar nan ya zuba wa jini. In ya raunana, abin da ke isa kai ya ragu, hayaƙin da ya raunana shi kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. A Amurka an bi mutum sama da 14,000 har tsawon shekara 27, aka ga waɗanda huhunsu ya samu matsala a tsakiyar rayuwa sun fi saura faɗawa cutar mantuwa, wato gigin tsufa. A 2020 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya sa shan taba da gurɓatacciyar iska cikin abubuwan da ke jawo cutar, waɗanda ake iya kauce musu.

Abin da ya fi damuna shi ne shisha. Ƙarfin huhu kan kai ƙololuwa ne tsakanin shekara 20 zuwa 25, daga baya sai raguwa a hankali. Daidai shekarun da kake tara jarin da za ka ci da tsufa, su ne kake zaune a majalisa kana zuƙar hayaƙin gawayi, wai ai ruwa ya tace shi. Wallahi ruwan nan bai kawar da gubar ba, sanyaya hayaƙin kawai yake yi don ka ƙara zurfafa zuƙa. Annabi (SAW) ya nemi tsari daga mafi ƙasƙancin shekaru. Kai kuma da kuɗin aljihunka kake sayen hanyarsa?

Ɗan acaba da mai Keke da ke wuni cikin hayaƙi tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, sa takunkumi, balle in hunturu ya sauko da ƙura. Janareta a fitar da shi nesa da taga. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a daina yi masa maganin kemis, a je asibiti, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Iyayenmu mata fa? Shekara da shekaru suna hura icce a madafin da ba taga. Wanda Allah ya hore wa ya saya wa Inna gas. In babu hali, a samu magini ya huda bangon madafin, ko a maido murhun tsakar gida.