Motocin da ya kamata su riƙa gaya wa juna an taka birki

Wallahi har yanzu abin yana ci min rai, yadda a Nuwamban 2023 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta janye daftarin dokar da ita da kanta ta kawo a ƙarshen 2016, wadda za ta tilasta duk sabuwar ƙaramar mota ta zo da na'urar magana da sauran motoci. A ƙasar da mutum wajen dubu 40 ke mutuwa a titi duk shekara fa.

Aikin na'urar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Motarka tana aika saƙo ta iska kamar sau goma a daƙiƙa ɗaya, ga inda nake, ga gudun da nake, na taka birki, duk motar da ke tazarar mita 300 za ta ji ta gargaɗi direbanta tun idonsa bai gani ba, ko da tirela ce ta tare shi ko kwana ko hazo.

Masu cewa a bar wa kamfanoni, wai kasuwa za ta yi halinta, su ne suka fi ba ni haushi. Wace kasuwa? Wannan na'ura kamar wayar salula ce, in kai kaɗai ke da ita a gari wa za ka kira? Ba wanda zai ƙara kuɗi ya sayi abin da ba zai amfane shi ba sai maƙwabcinsa ya saya, kamfani kuma ba zai fara sakawa shi kaɗai ba. Ai an gwada. Cadillac ta saka a ƙirar CTS a 2017 ta waiga ba kowa a bayanta. Toyota ta yi alƙawari a 2018 za ta fara a 2021, shekara na zagayowa ta fasa tunda ba doka, sauran kamfanoni kuma sun yi shiru. Sai hukumar sadarwa FCC ta zo a 2020 ta yanke MHz 45 daga cikin 75 na zangon rediyon da aka ware wa wannan aiki tun 1999 ta miƙa wa Wi-Fi, wai ba a amfani da shi. To wa ya hana a yi amfanin in ba jan ƙafar gwamnati ba?

Masu cewa kyamara da na'urar radar da ke jikin mota sun isa, su gaya mana yadda kyamara ke hango abin da ke bayan tirela. Masu tsoron a bi sawunsu kuwa, wayar aljihunsu ta daɗe da gama wannan aikin.

Mu ma ya shafe mu, don yawancin tokumbon da ke shigo mana ta Legas da Kwatano daga Amurka da Turai suke, abin da ba a saka musu ba a can yau, ba za mu gan shi a hanyar Kano zuwa Zariya ba ko nan da shekara goma sha biyar. A tsayar da fasaha ɗaya kawai wadda duk motoci za su riƙa magana da juna da ita, a sa rana, a tilasta wa kowane kamfani kamar yadda aka yi da bel ɗin kujera.