Wanda ba a taɓa ɗauke wa wuta ba, me zai koya mini?

A ofishinmu da ke Hambug a Jamus, duk bayan wata uku ana yin atisaye: a ɗauko kwafin ajiyar rumbun bayanai, a zuba shi a wata saba daban, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, a ga ko zai tashi. Ɗakin gilashi ne, ga kofi da burodin kirfa a tebur, yayyafi na ta bugun taga, kowa da takardar matakai yana sa alama da biro. Wannan karon pg_restore, manhajar da ke mayar da kwafin cikin rumbu, ya ƙi karɓar fayil ɗin, ɗaki ya yi tsit. Na ce a duba, wataƙila sabon pg_dump, manhajar da ke yin kwafin ajiya, ne ya yi kwafin, mu kuma tsohon pg_restore muke ba shi. Haka kuwa aka samu. Sai wani abokin aiki ya ce, wai da wasa, bai san ana koyar da irin wannan a Afirka ba.

Maganar ta tsaya mini a rai har yau.

Su da suke taƙama, ba kamfanin manhaja na GitLab ba ne a Janairun 2017 aka goge musu rumbu bisa kuskure, suka tarar pg_dump ya daɗe ba ya aiki saboda irin wannan saɓanin tsoho da sabo, bayanan kusan awa 6 suka salwanta? A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a Faransa, waɗanda kwafinsu ke gini ɗaya da asalin suka tashi a tutar babu.

Gaskiya ɗaya ce, gwajin nan nasu abin koyi ne. Mu a gida Najeriya filashi ɗaya ne, yana cikin jaka ɗaya da kwamfutar, ba wanda ya taɓa buɗe shi.

Amma gyara? A bar wa Zazzagawa. Yaron da ya koyi manhajar rumbun bayanai ta MySQL a shagon Samaru, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, janareta na tari, ya ga lalataccen teburin bayanai fiye da duk mutanen ɗakin nan. Kuma ba sai ka cike fom ba. Ka kira shi bayan la'asar, "Yallaɓai, ga ni nan zuwa," ya hau acaɓa daga Kwangila har Sabon Gari, ya gyara, ku ci tsire, ya tambayi lafiyar Hajiya. Nan Hambug kuwa maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, sai mun sa rana a kalanda kafin mu sha shayi.