Kishin ƙasa daban, kishin ubangida daban

Ƙanina da ke Kano ya kira ni makon jiya yana ta faɗa, wai ni ba ni da kishin ƙasa, don na ce masa gwamnatin da yake goyon baya ta gaza wajen tsaro a Zamfara da Katsina. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni daga Kassala ta ƙasar Sudan nake magana, garin da yaƙi ya koro ni da iyalina bayan shekaru muna zaune a Omdurman.

Mu a nan mun ga inda biyayya ga mutum ɗaya take kai ƙasa. A 2013 Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya tattara mayaƙan sa-kai na Janjawid ya mai da su rundunar ɗaukin gaggawa da ake kira RSF, ya ɗora Hamidti a kai. Ba don Sudan ya yi ba, don kujerarsa ya yi. Kujerar ta tafi a Afrilun 2019, bindigogin suka rage. A Oktoban 2021 Burhan, shugaban sojin ƙasar, da Hamidti suka haɗa kai suka ture gwamnatin riƙon ƙwarya, sai ga shi ranar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi, sun juya wa juna bindiga a tsakiyar Khartoum. Kowane ɓangare na rantsuwa don ƙasa yake yaƙi. Miliyoyin mutane kuwa sun bar gidajensu, har Wad Madani da aka gudu aka fake ta faɗi a Disambar shekarar.

Su wa suka riƙe mutane? Matasan unguwa. Su suka buɗe takiyya, wato girkin sadaka, suna ɗora manyan tukwane na ful da adas, wato nau'o'in wake, da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga waje. Wata dattijuwa Bahausa 'yar Mai Wurno, ƙauyen da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a nan Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, ita ta riƙa zuba wa 'ya'yana abinci kwana da kwanaki. Ba ta tambaye ni ɓangarena ba. Cewa take, "Ɗana, miƙo kwanon." Wallahi har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

A gida fa? A Janairun 2012, da Jonathan ya mai da litar fetur naira 141 daga 65, Kano ta cika da zanga-zanga, kuma an yi daidai. A 2016 Buhari ya kai ta 145, da yawa daga masu ihun nan suka yi gum, wasu ma suka shiga rediyo suna kare ƙarin. Talakan da ke shan wahalar bai canza ba, mai mulkin ne ya canza. Sojojin baka da 'yan jagaliya suna kiran wannan amana. Ni ban ƙi mutum ya yi jam'iyya ba, ni ma na yi. Amma in namu ya yi ɓarna muka rufe baki, to ubangida muke wa aiki. Kuma yaron da aka ba ƙwaya da gora lokacin zaɓe, a Kano ko Gombe, yana ba ni tsoro, don na ga abin da ya biyo baya da aka ba irinsa bindiga.

Na ce wa ƙanin nawa, kafin ya sake kira na, ya je asibitin unguwarmu ya duba ko akwai magani, sannan ya tambayi kansilan da suka zaɓa, ɗan jam'iyyarsu, ina kuɗin suka shiga. Ya ce zai je ran Litinin.