Mun tara maki, sun ce ya mutu

Don Allah wa ya faɗa wa kamfanonin jiragen sama cewa ɗan kasuwar Maradi yaro ne da ake rarrashi da hoto a Facebook? Shafin kamfanin da muke shiga kullum cike yake da ma'aikata suna murmushi da tallar katin tara maki, wato makin da ake ba mai yawan tafiya har ya samu tikitin kyauta. Ka yabe su, kafin ka ajiye waya sun amsa har da alamar zuciya. Ka ce makin tafiyarka ta birnin Guangzhou na China bai shiga ba, sai a ce ka turo saƙo ta ɓoye, da Faransanci ko Turanci. Ka tura, na'ura ta ba ka lamba, daga nan shiru kamar an shuka dusa. In kuwa mai mabiya dubu ɗari ne ya yi tari, ranar nan za a kira shi a ba shi haƙuri.

Sun ma san wahalar da muke sha kafin mu kai ƙofar jirginsu? Ko dai ka bi hanyar Yamai, kilomita sama da 600, ta Konni da Dogondutsi da Doso, ko ka bi Dan Isa da Jibiya da Katsina ka faɗa Kano. A 2023 da aka rufe iyaka da Najeriya, alhazanmu sun ga tasku, amma da hanya ta buɗe wurin kamfanin nan suka koma da kuɗinsu. Amana ta wuce wannan?

To dubi sakayyar. Makin ba nisan tafiya kaɗai yake bi ba, akwai wani harafi a jikin tikiti da ke nuna ajin kuɗin da ka biya. Tikiti mai rahusa wani lokaci rubu'in maki yake kawowa, wani lokaci babu ko ɗaya, kuma mai sayar da tikitin ba zai faɗa maka ba, in ma ya tuna ya sa lambar katinka ke nan. Sai rikicin suna. Fasfo ya ce Mahamadou, kati ya ce Mahamadu, kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Wurin karɓar kuɗi dai ba ta taɓa ruɗewa ba.

Makin da ya shiga ma ba naka ba ne. A kamfanoni da yawa bayan shekara 2 ko 3 sai ya mutu, nawa haka ya tafi, ba kira, ba saƙon waya, wai an turo wasiƙa ta imel. In ka yi sa'a ya isa tikitin kyauta, haraji da kuɗin mai suna wuyanka. Kuma je ka nemi kujerar kyautar nan lokacin Umarar azumi, ko a Afrilu da Oktoba da ake baje kolin Canton a Guangzhou, ka ji amsa. Babu. Kujerar sayarwa kuwa tana nan.

Tsarin nan tun asali ba don mu aka ɗinka shi ba. A Amurka ya bunƙasa, tun da American Airlines ta fito da nata a 1981, kuma can bankuna ke sayen maki suna raba wa masu katin bashi, mutum na sayen cefane yana tarawa. Mu da ke ƙirga jikkunan sefa a hannu, sai mun tashi sama tukuna.

Ku ji da kyau, masu kamfani. Ɗan kasuwa kilo yake so. Ku ƙara wa mai yawan tafiya jaka ɗaya ba sai ya kai wani matsayin azurfa ko zinariya ba. Ku sa lambar WhatsApp da mutum mai rai zai ɗauka, mai jin Hausa, tunda kuɗin Bahaushe ba ku taɓa neman tafinta ba kafin ku karɓa. Ku kuma maido mana makin da kuka kashe.